Garin Neman Gira: Yadda Na Koyi Duba Tsofaffin Kuɗi

Gwangwanin ya faɗo hannuna ne a rabon kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, kuma babu wanda ya yi ja-in-ja da ni a kansa, don a wurin sauran magada tarkace ne. Kawu ya yi kusan shekara talatin yana aiki a jiragen ruwa na dakon kaya. Duk tashar da suka yada zango sai ya adana ɗan canjin da ya rage masa, in kuma ya ci karo da tsohon sule a wurin masu sayar da kayan da, ya saya ya jefa ciki. Da na zauna na ƙirga, sulalla 214 ne, sai takardun kuɗi 31 a cikin wani ambulan da ya yi laushi don tsufa.

A daren farko na tafka kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Akwai wani rupi na Indiya, na azurfa, mai hoton Sarauniya Biktoriya sanye da kambi, an rubuta 1862 a bayansa. Ya yi duhu, wani launi tsakanin toka-toka da shuɗi, bakinsa kuma kamar an zuba masa ruwan zinariya. Ni a ganina datti ne. Na samo man goge ƙarfe da tsumma, na dirje shi gaba da baya har sai da na ga fuskata a ciki. Daɗi ya kama ni, na ƙara da wasu guda uku, sannan barci ya kwashe ni. Barcin nan shi ya ceci sauran 210.

Bayan kamar wata guda, ta hanyar wata ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi, aka haɗa ni da wani dattijo da ya haura shekara arba'in a harkar. Baba nake ce masa. Ranar da na fara zuwa wurinsa, ko zama ban gama yi ba na buɗe gwangwanin na zazzage shi a kan tebur. Ƙarar da suka yi sai da ta sa ya runtse ido.

"Tsaya haka nan, ɗana," in ji shi. "Kowace ƙara da ka ji, wani ne ya yi wa ɗan'uwansa tabo."

Ya shimfiɗa ƙyalle mai taushi, ya kashe fitilar sama, ya bar ta kan tebur ita kaɗai. Sai ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa da manuni, ta gefe, ko sau ɗaya bai taɓa fuskar sule ba. Gumin yatsa yana da gishiri da maiƙo, in ya sauka a kan sabon jan ƙarfe ba za ka ga komai ba a ranar, sai bayan watanni zanen yatsan ya fito raɗau, kuma ya zauna ke nan. Da ya zo kan rupin, ya juya shi a ƙarƙashin fitila ya daɗe bai ce uffan ba.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ne, Baba. Datti ya yi."

Ya miƙo mini ɗan madubin ƙara girma, mai ninka abu sau biyar, ya ce in duba filin da ke gaban fuskar sarauniya. Abin da na ɗauka santsi ne ashe kuje ne, ɗaruruwan sirārān layuka, duk sun bi hanyar da tsummana ya bi. Sannan ya sa ni in duba tsakanin haruffa, inda tsumma bai kai ba. Nan wani irin haske ne daban, mai laushi, wanda ke motsi in ka karkata sulen.

A nan na fara jin maganar sheƙin maƙera. Lokacin da ake buga sule, ana sa fallen ƙarfe tsakanin hatimi biyu a danne shi da ƙarfin gaske, sai ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu ƙananan layuka da ido ba ya iya raba su. Su ne ke sa haske ya riƙa zagaye sabon sule kamar wayoyin ƙafar keke in ka juya shi. Yawo a hannun mutane yana cinye su a hankali, man gogewa kuwa a minti biyar yake share su, kuma babu gwanin da ya isa ya dawo da su. Duhun da na kira datti, azurfa ce ta gamu da farar wutar da ke cikin iska da takarda, ta rine a tsawon shekaru, masu harkar kuma nemansa suke yi in ya yi kyau. Ragowar sheƙin da ke tsakanin haruffa shaida ce cewa rupin Kawu bai yi wani yawo ba kafin a ajiye shi.

"Garin neman gira ka rasa ido," Baba ya ce, ya ajiye shi gefe. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban so ya tayar ba.

Aikin farko da ya ba ni ba shi da armashi ko kaɗan: in sayi littafin rubutu, in ba kowane sule layi guda, in rubuta ƙasarsa, ƙimarsa, shekararsa, irin ƙarfensa, da lambarsa a kundi. Masu harkar suna kiran sulallan duniya da lambar KM, daga sunayen Krause da Mishler da suka tsara kundin, takardun kuɗi kuma da lambar Pick, daga sunan Albert Pick. Sai na bar gurbi biyu a ƙarshe, ɗaya na makin da na ba shi gwargwadon sabuntarsa ko sudewarsa, ɗaya na makin da Baba zai ba shi.

Wurin shekara na fi shan mamaki, domin ashe shekarar da ke jikin sule tana iya ruɗar mutum. Ina da wata ƙatuwar dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, an rubuta 1780, har na fara lissafin abin da zan yi da kuɗinta. Baba ya yi dariya har da tari. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun yarda da dalar, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, saboda haka aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar. An buga ta a Landan da Bamingam da Bombai da Faris da Rum, kuma har yau gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da ita, 1780 ɗin na nan daram. Tawa azurfar gaske ce, nauyinta giram 28 da ɗigo, amma irinta miliyoyi ne. Shi kansa rupin da na lalata, an ci gaba da buga masu 1862 har zuwa 1873, a wasunsu ma sai da 'yan ɗige-ɗige a baya ake lissafa ainihin shekarar. Ko shahararriyar dalar Amurka mai 1804, a tsakiyar shekarun 1830 aka buga ta farko, don a kai wa Sarkin Siyam da Sarkin Maskat kyauta.

Sulallan Daular Usmaniyya kuwa lissafi suke so. Akwai kurush biyar na azurfa mai tambarin sa-hannun sarki, wanda ake kira tugra. A jikinsa na ga 1293, na ɗauka shekarar bugu ce ta Hijira. Ashe shekarar da Sarki Abdulhamid na Biyu ya hau mulki ce, ita ake maimaitawa a duk sulallansa. Ƙaramar lamba 32 da ke ƙarƙashin tugra ita ke nuna shekara ta nawa a sarauta. Ka haɗa, ka cire ɗaya, ka samu 1324, wato wajen 1906.

Akwai kuma kwabon Afirka ta Yamma mai huda a tsakiya, na 1936, da sunan Sarki Edward na Takwas. Na san labarinsa: ya hau a watan Janairu, ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekarar, Ingila ba ta kai ga sakin sule da hotonsa ba. To amma irin waɗannan kuɗin masu huda ba sa ɗaukar hoto, suna kawai ake sauyawa, shi ya sa Afirka ta Yamma da Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini suka riga suka fitar da nasu. An buga su da yawa, mutane kuma suka ɓoye su da yawa saboda labarin, don haka ba su da wuyar samu. Baba ya nuna mini ɗan harafin da ke jikinsa: H na nufin kamfanin Heaton, KN na nufin King's Norton, duk a Bamingam, in babu harafi kuma bugun Landan ne. Daga ranar na daina tambayar tsufan sule, na koma tambayar nawa aka buga, nawa suka tsira, a wane hali. Amurka ta buga zinaren dala ashirin guda 445,500 a 1933, aka narkar da kusan dukkansu kafin su fita, yau guda ɗaya tak doka ta yarda mutum ya mallaka. Kuɗin Rum na shekara dubu da ɗari shida kuwa ana haƙo su tulu-tulu.

Kafin a yi maganar maki sai an tabbatar sulen na gaske ne. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin faɗi, mayen ƙarfe mai ƙarfi, kofin ruwa da zare. Wanda ya faɗi jarrabawar nan shi ne wanda na fi so a ido, dalar kasuwanci ta Birtaniya, irin wadda aka buga daga 1895 zuwa 1935 don cinikin Gabas mai Nisa, mai hoton mace a tsaye riƙe da mashi mai baki uku, bayanta da rubutun Sinanci da na Malayu cikin haruffan Larabci. Ta gaske tana kusan giram 27. Tawa ta tsaya a 24.1.

"Ko sudewa ta yi, Baba?"

"Sulen da zai rasa giram uku ta hanyar sudewa, ai ko hancin matar ba za ka gani ba. Wannan har igiyar jirgin da aka zana a jikinta tana nan."

Mayen ƙarfe bai kama ta ba, amma wannan ba hujja ba ce, don tagulla ma ba ya kama ta. Sai muka yi gwajin ruwa. Ana ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mayar da shi sifiri, a ɗaure sulen da zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, a rubuta abin da sikeli ya nuna, sannan a raba nauyinsa na bushe da wannan lamba. Azurfa mai kashi 90 cikin ɗari tana ba da wajen 10.3. Tawa ta ba da 8.7. Da na mayar da ita ƙarƙashin madubi sai na ga abin da son rai ya hana ni gani tun farko: 'yan ramuka kamar na ƙuraje a fili, haruffa masu kumburin baki, da wani siririn layi a gefe inda aka haɗa ɓangarori biyu na zubi. Wani ya cuci Kawu a wata tasha shekaru da dama da suka wuce, ya rasu bai sani ba. Na rubuta "jabu" a ambulan ɗinta na ajiye, don Baba ya ce jabun da ka gane malami ne.

Sai maki. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa yana tashi daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban Amurka na farko, da tunanin cewa mai 70 zai ninka mai 1 sau saba'in a daraja. Wannan lissafin ya daɗe da rushewa, lambobin dai suka zauna. Ba dukkansu ake amfani da su ba. Mai 1 da ƙyar ake gane ko mene ne. Daga 4 zuwa 10 hoto ya lafe, sai inuwarsa da rubutu. A 12 da 15 an fara ganin rabin ado. Daga 20 zuwa 35, wanda ake rubuta wa VF, yawancin zanen yana nan, tuddai ne suka sude. A 40 da 45 ƙololuwar tuddai kaɗai ta taɓu. Daga 50 zuwa 58, wato AU, saura ƙiris a ce sabo ne. Daga 60 zuwa 70, wato MS, bai taɓa yawo ba, abin da ke raba su sai yawan tabon da suka yi wa juna a cikin buhu, da ƙarfin sheƙi, da kyawun bugu.

Haddace wannan ba wuya. Ganinsa a jikin ƙarfe ne aiki. Baba ya jera mini kwabo ashirin iri ɗaya, ya hargitsa su, ya ce in jera daga mafi sudewa zuwa mafi sabunta. Sau huɗu ina yi yana rushewa. Kowane zane yana da inda yake fara ci: kunci, gashin da ke saman kunne, duwatsun kambi, ƙirjin mikiya. Can ake fara kai ido, a karkata sulen a hankali a ga ko sheƙi ya yanke a wurin. In ya yanke, launin wurin ya ɗan dushe, to hannu ya taɓa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne raba sudewa da raunin bugu. Wani sulen tun daga maƙera hatimi bai danne shi sosai ba, gashin ya fito a shafe, amma in ka duba sheƙi ya rufe wurin bai yanke ba. Wannan sabo ne duk da kamanninsa. Kuma abin da ban zata ba, mai 58 sau da yawa ya fi mai 60 ko 61 kyau a ido, don na farkon ɗan gogar tudu kawai gare shi, na biyun kuwa bai yi yawo ba amma ya sha duka a buhu.

Bayan wata uku muka buɗe littafina muka kwatanta gurbin nan biyu. A sulalla sama da ɗari, kusan ko'ina makina ya ɗara na Baba da mataki guda. Inda ya ce 30 na ce 40, inda ya ce 45 na ce 53. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗebo nasa guda goma ya ce in ba su maki. Da muka duba, a takwas na ba su ƙasa da abin da suka cancanta.

"Ka gani ko, ɗana? Idonka lafiya lau. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Naka dai ya san mai kaya."

Maganin da ya ba ni shi ne in riƙa fara neman aibi kafin in kalli kyau, in rubuta maki, in rufe littafi, in sake ba shi wani bayan mako guda ba tare da na leƙa na farko ba. In sun saɓa, in ɗauki na ƙasa.

Takardun kuɗi wata duniya ce. Na Kawu yawancinsu shaidun masifa ne. Akwai na Jamus na 1923, masu miliyoyi da biliyoyin mak, wasu gefe ɗaya kawai aka buga don babu lokacin buga bayan. A watan Nuwamba na wannan shekarar sai da dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Akwai dala goma da sojojin Japan suka buga a Malaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda hoton bishiyar da ke jikinta ya sa ake ce mata kuɗin ayaba. Irin waɗannan an buga su ba adadi, suka mutu dare ɗaya, damammaki suka rage ko hannu bai taɓa ba, don haka samun sabo fil ba abin mamaki ba ne. Haka takardar Zimbabuwe ta dala tiriliyan ɗari mai shekarar 2008, wadda na ƙara da kaina daga baya, sai dai ita farin jininta ya sa ana yi mata jabu, kuma mai lambar da ta fara da ZA, wadda ake sawa a madadin takardar da ta lalace wurin bugu, ta fi mai AA wuyar samu.

Wadda ta fi ɗaure mini kai wata dala uku ce ta wani ƙaramin banki a Amurka, da hoton jirgin ƙasa da manoma, babu sa-hannu, gurbin lamba da na kwanan wata duk fayau. Na ɗauka wasan yara ce. Ashe kafin Yaƙin Basasar Amurka bankuna masu lasisin jiha kowanne nasa kuɗin yake bugawa, iri dubbai, wasu bankunan su karye su bar mutane da takarda. Harajin kashi goma cikin ɗari da aka kafa a 1865, ya fara aiki a 1866, shi ya kashe wannan tsari. Marasa sa-hannu ragowa ne da ba a taɓa fitarwa ba, shi ya sa suke tsaf. Wadda aka sa wa hannu ta yi yawo ta tsufa, wani lokacin ta fi su daraja.

Makin takarda a kan ninki yake. Wadda ba a taɓa ninkewa ba, kusurwoyinta da kaifi, ita ce sabuwa. Ninki ɗaya mara ƙarfi ya sauke ta mataki. Uku marasa ƙarfi, ko ɗaya mai ƙarfi, ya ƙara sauke ta. Daga nan sai yawan ninki, laushi, datti, yagewar baki, har a kai ga wadda tsakiyarta ta huje inda ninki ya gicciye ninki. Ana duba hudar allura, tsatsar ƙusar ofis, ɗige-ɗigen ja na danshi, da ko hoton ya zauna a tsakiya.

A nan ma sai da na sha. Na sayi takardar sule ashirin ta Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, ta shekarun 1950, daga wani mai sayarwa a intanet da ya rantse ba a taɓa ninke ta ba. A hoto kam ba laifi, a hannu ma shimfiɗe take sumul. Baba ya fitar da ita daga leda, ya fara shinshina ta, abin ya ba ni dariya. Sai ya kashe fitila, ya kwantar da tocila a kan tebur yadda haskenta zai bi fuskar takardar a kwance. Nan take layuka uku suka tashi, ɗaya a tsaye biyu a gicciye, kamar tabon tsohon rauni. Ya ce in shafa yatsa a kan rubutun. Takardar da aka buga da farantin sassaƙa tawadarta tudu take yi, kana jin kaushinta. Wannan ta lafe kamar takardar littafi. Da ya haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske ta masu duba kuɗi, wasu wurare suka yi ƙyalli, alhali takardar auduga ba ta yin haka sai in an wanke ta da sabulu mai sinadarin ƙara fari. An jiƙa ta, an wanke, an bi ta da dutsen guga. Wato wani ya yi mata abin da na yi wa rupina, bambancin kawai shi da niyya ya yi. Na nemi ya karɓi kayansa, ya daina amsa saƙo.

Maganar ajiya gajeriya ce amma ta ci mini kwabo biyar. Na zuba su a wata leda mai laushi mai aljihuna, bayan watanni na ga wani kore mai danƙo a jikinsu. Ledar PVC ce, sinadarin da ke sa ta laushi yana tsatsowa ya ci ƙarfe. Tsantsar ruwan sinadarin asiton ta cire danƙon, jiƙawa kawai babu dirza, amma inda ya riga ya ci ya ci. Yanzu kowanne yana cikin kwali mai tagar roba mai tauri, takardu a cikin roba mara PVC, duka a akwati da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi.

Daga ƙarshe na yanke shawarar aika wasu wurin kamfanonin tantancewa. Manyan sun fito ne a Amurka: PCGS a 1986, NGC a 1987, sai PMG ta takardun kuɗi a 2005. Ƙwararru fiye da ɗaya ke duba kaya ba tare da sun san mai shi ba, a tsayar da maki, a rufe shi a akwatin roba garai-garai da aka liƙe, da lambar shaida da kowa zai iya bincikawa a shafinsu. Dubawar nan wajibi ce ga mai saye, don akwatin ma ana yi masa jabu. Ladan aiki da kuɗin aikawa da inshora sun fi ƙimar yawancin abin da ke gwangwanin Kawu, saboda haka biyar kawai na zaɓa. Baba ya ce kada in sa rupin, asarar kuɗi ce. Na sa shi. Wani ɓangare na zuciyata yana fatan ba za su lura ba.

Na ɗauki hoton kowanne gaba da baya, na cike takarda, na rubuta hasashena a littafi, muka aika ta hannun wani dillali mai rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin. Mako tara ina leƙa shafinsu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Kurush ɗin na ce 45, suka ce 40. Kwabon Edward na ce 62, suka ce 63, amma da na duba ƙidayar da suke wallafawa ta yawan waɗanda suka samu kowane maki, sai na ga yana da 'yan'uwa da yawa. Dala ukun nan ta samu 64, da ƙarin alamar da ke nuna takardar ba a taɓa ta da ruwa ko guga ba. Rupin ya dawo ba lamba. Sun tabbatar na gaske ne, sun rubuta cewa zanensa na matakin AU ne, sai kalma ɗaya a ƙarƙashi mai nuna an goge shi.

Na biyar ɗin shi ne wanda na kusa zubarwa a daren farko, don na ɗauka wani ɗan zoben ƙarfe ne na inji: ɗan ƙaramin abu fari mai huda da tauraro mai tsini shida, ba nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Anini ne na 1907, na alminiyom, yana cikin sulallan alminiyom na farko da aka fitar don hada-hada a duniya. Ƙarfen bai jure danshi da gumi ba, ya riƙa zaizayewa, a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Yawancin waɗanda suka rage duk sun yi ramuka. Na Kawu a naɗe yake cikin 'yar takarda, shi kaɗai a duk gwangwanin, ban san dalilin da ya sa ya ware shi ba. Na ce 50, suka ce 55.

Baba ya karɓi littafin ya bi layi biyar ɗin da yatsa. "Sau biyu ka yi wa kayanka rowa," ya ce. "An fara samun sauƙi."

Har yanzu akwai sulalla goma sha ɗaya da gurbin ƙasarsu ke fayau a littafina. Ɗaya wani guntun jan ƙarfe ne mai kauri, ba zagayayye sosai ba, da rabin rubutu da ya zarce baki. Baba ya ce daga wata masarautar Indiya ya fito, ni na ce Nefal. Mun auna shi, giram 9.8, mun ɗauki hotonsa da haske a kwance, mun aika wa wani ɗan ƙungiya da ke karanta Debanagari, rubutun da ake amfani da shi a Indiya da Nefal, muna jiran amsarsa.